Kallon Taurari da Amanar Ganin Wata

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ƙawata sama da taurari, Ya sanya wa rana da wata ƙa'idar tafiya wadda ba su saɓa mata. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, mas'alar da za mu tattauna a wannan mako ita ce ta wata sha'awa da ta shigo wa waɗansu samarinmu, watau kallon taurari da ɗaukar hoton sama da dare. A birnin Daura da garuruwan da ke ƙarƙashin masarautarta akan sami ɗalibi ko malamin makaranta ya fita fili bayan Lisha da wayarsa ta hannu, ko da ɗan madubin hangen nesa, yana ta ɗaga kai sama. Mutane kuwa sun rabu biyu a kansa. Waɗansu dattawa suna cewa mai kallon taurari ɗan'uwan boka ne, a tsawata masa. Waɗansu 'yan boko kuma sun zarce wuri, suna cewa tun da lissafi ya zo, hoto ya zo, to, fita neman jinjirin wata ya zama tsohon yayi. Duka ɓangarorin biyu sun kauce. Abin da muke so mu bayyana shi ne, sanin tafiyar rana da wata da taurari ilmi ne halattacce wanda magabatanmu suka riƙe, kuma babban amfaninsa gare mu a yau shi ne tsare amanar shaidar ganin wata, wadda azumin miliyoyin mutane da Sallarsu suka rataya a kanta.

Ilmin taurari iri biyu ne

Malamai, irin su Ibnu Rajab, sun kasa ilmin taurari kashi biyu. Na farko shi ne ilmin tasiri, watau mutum ya yi da'awar cewa tauraro kaza shi ke kawo arziki ko tsiya, ko ya ce ya duba tauraron wane ya ga auren nan ba zai yi albarka ba, ko tafiyar nan ba ta da sa'a. Wannan shi ne haramun, shi ne hadisin Ibnu Abbas da Abu Dawuda ya ruwaito ya haɗa shi da sihiri. Haka kuma a Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi sahabbai game da jingina saukar ruwa ga tauraro, ya nuna cewa mumini yana jingina shi ne ga falalar Allah da rahamarsa. Shafin nan na duba sa'a ta hanyar ranar haihuwa da waɗansu mujallu ke bugawa, shi da aikin ɗan duba mai buga ƙasa, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Kashi na biyu shi ne ilmin tafiya, watau sanin inda rana da wata da taurari suke fitowa, da inda suke faɗuwa, da lokacin da suke yin haka, domin a gane alƙibla da lokutan salla da hanya da yanayin shekara. Wannan kam Alƙur'ani mai girma ya ambace shi a cikin ni'imomi. A aya ta 97 ta Suratul An'am an bayyana cewa an sanya taurari don mutane su gane hanya da su a cikin duhu, a tudu ko a teku. A aya ta 5 ta Suratu Yunus an bayyana cewa an ƙaddara wa wata masaukai domin mu san ƙidayar shekaru da lissafi. A ƙarshen Suratu Ali Imrana kuwa an yabi masu hankali da suke haɗa ambaton Allah da tunani a kan halittar sammai da ƙasa. To, yaya za a yi tunani a kan abin da ba a ɗaga kai an dube shi ba?

Ma'aunin da ke rarrabe su mai sauƙi ne. Idan mutum ya ce da kai ranar kaza da ƙarfe kaza za a yi husufin wata, wannan lissafi ne kamar yadda liman ke sanin ƙarfe nawa alfijir zai keto gobe, ba sanin gaibu ba ne. In kuwa ya ce saboda husufin nan wani babba zai mutu, to, ya shiga gonar da ba tasa ba.

Gadon da muka tarar

Kada wani ya zaci wannan ilmi baƙo ne a ƙasar Hausa. Manomanmu sun daɗe suna lissafin shekara da taurari 28, kowanne yana da kwana 13, ban da Jabaha mai kwana 14, jimla kwana 365. Bakwai ga bazara, bakwai ga damina, bakwai ga kaka, bakwai ga ɗari. Duk wanda ya zauna da tsofaffin manoma ya taɓa jin sunayen Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa, waɗanda asalinsu masaukan wata ne da Larabawa suka sani. Muna da Zara, muna da Gamzaki mai fitowa gabanin asuba, muna da Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya. Manomin da ya ce tauraro kaza ya kama, lokacin shuka ya yi, yana nufin alama ce ta lokaci a bisa al'adar da Allah Ya gudanar, bai yi laifi ba matuƙar ya san mai saukar da ruwa Allah ne.

A fagen malanta kuma, ƙasar Katsina ta fitar da Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya shahara da ilmin lissafi har a Masar. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shehu Hasan Aljabarti, wanda shi ma masanin falaki ne. A cikin rubuce-rubucensa akwai na hatimi da asirai waɗanda malamai suke da magana a kansu, amma ƙwarewarsa a lissafi ba a yi jayayya a kanta ba.

Idan muka leƙa sauran ƙasashen Musulmi, za mu tarar manyan masallatai suna da ma'aikaci na musamman da ake kira muwaƙƙit, aikinsa tsare lokutan salla ta hanyar lura da rana da taurari. Ibnu Shaɗir, wanda ya rasu a 1375, shi ne ya riƙe wannan aiki a Masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, ya kuma ƙera masa agogon inuwa. Abdurrahman Assufi, a littafin da ya wallafa kan surorin taurari a 964, ya ambaci wani ɗan gajimare a sama wanda ba ya gushewa daga wurinsa. Masana na yanzu sun gano cewa tarin taurari ne mai girman gaske, suna kiransa Andromeda, kuma haskensa yakan yi shekara miliyan biyu da rabi yana tafiya kafin ya iso idonmu. Har yau sunayen taurari da yawa a bakin Turawa na Larabci ne da aka lanƙwasa: Addabaran ya koma Aldebaran, Aɗɗa'ir ya koma Altair, Rijlu ya koma Rigel.

Abin da zai fi ba ɗalibin fiƙihu mamaki shi ne labarin Imam Ƙarafi, ɗaya daga cikin manyan malaman mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya rasu a Masar a 1285. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya ƙera wani mazaunin kyandir mai nuna sa'o'in dare, da siffar zaki wanda launin idanunsa ke sākewa kowace sa'a, in alfijir ya keto kuma sai wata siffa ta ɓullo da yatsa a kunne, alamar lokacin kiran salla ya yi. Ashe ƙere-ƙere da zurfin ilmin shari'a sun taɓa zama a ƙirji guda.

Amanar ganin wata

Yanzu sai mu zo ga zuciyar magana. Shari'a ta rataya azumi da shan ruwa a kan ganin jinjirin wata, in kuma ba a gan shi ba, a cika kwana 30. A mazhabar Malikiyya wata yana tabbata da shaidar adilai biyu, ko da ganin jama'a masu yawa waɗanda ba zai yiwu su haɗa baki a kan ƙarya ba. Wanda ya gani shi kaɗai, wajibi ne ya kai labari ga hukuma. Ba a tsayar da wata da faɗar mai lissafi. Ƙarafi ya bayyana dalilin bambancin wannan da lokutan salla: ita salla an rataya ta ne a kan shigar lokaci, ta kowace hanya aka tabbatar da shi ya wadatar, shi kuwa azumi an rataya shi ne a kan gani. Saboda haka masu cewa lissafi ya shafe fita duban wata ba su fahimci mas'alar ba.

Amma fa shaida tana da sharuɗɗa, kuma mutumin kirki ma idonsa yakan yaudare shi. Malamanmu sun san da haka. A cikin Muhtasar, Shehu Halil ya kawo hukuncin cewa idan adilai biyu suka yi shaida, aka yi azumi kwana 30, sa'an nan aka nemi wata sama tana garau ba a gan shi ba, to, an ƙaryata shaidarsu. Imam Subki na mazhabar Shafi'iyya, wanda ya rasu a 1355, ya tafi a kan cewa idan tabbataccen lissafi ya nuna ganin wata ba zai yiwu ba a wannan dare, sai a mayar da shaidar, a ɗauka mai ita ya yi kuskure. A nan ne ilmin falaki yake yi wa shari'a hidima: ba shi ke tsayar da wata ba, amma yana taimakon alƙali ya tantance shaida.

Ga abin da ya kamata kowane mai fita duban wata ya sani. Wata ba shi da hasken kansa, hasken rana ne ke dukansa. Yana kewaya duniya, daga haihuwa zuwa haihuwa, a cikin kwana 29 da sa'a 12 da minti 44 a matsakaici, shi ya sa wani watan yakan yi 29, wani 30, shekarar Hijira kuma ta kasance kwana 354 ko 355. A ƙarshen kowane wata yakan zo ya daidaita da rana ta ɓangare guda, fuskarsa mai haske ta juya mana baya. Wannan shi ake kira iƙtirani, ko haihuwar wata. Daga nan sai ya riƙa nisantar rana da misalin rabin digiri a kowace sa'a. Masana sun lura cewa idan tazararsa da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, ido ba ya ganin jinjirinsa. Mafi ƙarancin shekarun jinjirin da aka tabbatar an gani da ido tsura shi ne sa'a 15 da minti 32, a 1990. Da madubin hangen nesa kuwa, sa'a 11 da minti 40 ne, a ƙasar Iran a 2002. To, idan wani ya zo ya ce ya ga wata alhali bai fi sa'a biyar da haihuwa ba, ko kuwa a daren da watan ya riga rana faɗuwa, ba sai an ce maƙaryaci ne ba, amma lalle wani abu dabam ya gani.

Me yakan gani? Wani lokaci Zara ce ta ɓullo ta cikin hazo. Wani lokaci guntun gajimare ne da hasken faɗuwar rana ya doka, ko farin hayaƙin da jirgin sama ya bari. Wani lokaci kuma tsananin ɗoki ne kawai, ido ya zana wa mai shi abin da zuciyarsa ke so. Don haka ake tambayar mai shaida: ƙarfe nawa ka gani? Ta dama da inda rana ta faɗi ko ta hagu? Tsayinsa nawa daga ƙasa? Ina ƙahoninsa suka fuskanta? Jinjirin gaskiya, cikinsa mai haske kullum yana fuskantar wajen da rana ta faɗi, ƙahoninsa suna juya mata baya, shi ya sa a ƙasarmu yakan yi kama da ƙwarya a ajiye. Wanda ya ce ya gan shi a kife, ko ya gan shi a gabas da magariba, shaidarsa ta rushe da kanta.

Akwai kuma maganar da ke yawo a bakin jama'a duk shekara, cewa wannan wata ya yi girma, na kwana biyu ne, an ci mana azumi. Wannan magana tsohuwa ce. Muslim ya ruwaito cewa waɗansu matafiya sun yi irin wannan gardama, suka tambayi Ibnu Abbas, ya ce musu watan na daren da suka gan shi ne. Lissafi ma ya gaskata haka. A ce an haifi wata ranar Litinin da ƙarfe biyu na rana. Da magaribar ranar bai fi sa'a biyar ba, ba mai ganinsa. Da magaribar Talata kuwa ya haura sa'a 28, sai ya fito da kauri, ya daɗe bai faɗi ba, alhali daren farkonsa ke nan.

Ya ku 'yan'uwa, abin nan ba wasa ba ne. Wanda ya yi shaidar da ba ta tabbata ba a daren 29 ga Ramadan, ya sa al'umma ta sha ruwa a ranar azumi. A hadisin Abu Bakrata, da Manzon Allah ya zo kan shaidar zur a cikin manyan zunubai, yana kishingiɗe sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa. Neman suna a gari, ko a ce garinmu ne ya fara gani, bai kai a sayar da lahira dominsa ba.

Matsayin hoto

Hoton wata da taurari ba hoton mai rai ba ne, saboda haka saɓanin da malamai suka yi a kan sura bai shafe shi ba. Amma sai a san iyakarsa. Kyamara tana tara haske na daƙiƙoƙi da yawa, tana kuma kama abin da ido ba ya kamawa. A ranar 8 ga Yuli 2013, wani injiniya Bafaranshe mai sha'awar ɗaukar hoton sama, Thierry Legault, ya ɗauki hoton jinjirin wata da rana, daidai lokacin haihuwarsa, ta hanyar wani irin haske da idon ɗan Adam ba ya gani. Wannan gwaninta ce babba, amma ba ita ce ganin da shari'a ta rataya azumi a kansa ba, domin hukuncin da aka ɗora wa al'umma duka, malaminta da makiyayinta, an gina shi ne a kan abin da mutane za su iya gani bayan faɗuwar rana.

Sa'an nan ga fitinar hotunan ƙarya. Duk daren 29 sai ka ga hoton jinjiri yana yawo a WhatsApp da Facebook, an rubuta an gan shi a gari kaza, alhali hoton bara ne, ko na wata ƙasa, ko ma na'ura ce ta ƙirƙire shi. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umurce mu da bincike kafin mu karɓi labari. Wanda ya tura irin wannan hoto bai bincika ba, yana da kamasho a cikin ruɗanin da ya biyo baya. Hoton da ke da amfani shi ne wanda mai shi ya tsaya a gaban hukuma da kansa, ya faɗi wuri da lokaci, aka ga bishiya ko gini a cikinsa da za a gane wurin, ya zama ƙarfafawa ga shaidar idonsa.

Hukuma kuwa a ƙasarmu sananniya ce. Labari yakan tashi daga mai unguwa ko dagaci zuwa hakimi, zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, daga nan zuwa ga kwamitin ganin wata da fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda shi ke da sanarwa. Saurayin da ya san lissafi, in ya ga abin da bai gamsu da shi ba, sai ya kai iliminsa ga malamai da kwamiti cikin ladabi tun kafin a yanke hukunci. Bayan an yanke kuwa, sai ya bi jama'a, domin Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa azumi da shan ruwa ana yin su ne tare da jama'a. Haka nan mu da ke bakin iyaka, wani lokaci 'yan'uwanmu na Nijar da ke tsallaken Kongolam sukan riga mu Salla ko mu riga su. Wannan bai kai a yi zage-zage ba. A hadisin Kuraib, an ga wata a Sham daren Juma'a, mutanen Madina suka gan shi daren Asabar, Ibnu Abbas ya tsaya a kan ganin Madina, bai kuwa ce mutanen Sham sun ɓata ba.

Alƙibla da husufi

Wani amfanin wannan ilmi shi ne daidaita alƙibla. Mun saba cewa a fuskanci gabas, amma daga Daura Ka'aba tana wajen digiri 20 ne arewa da tsakiyar gabas. Wanda ke nesa da Makka fuskantar sashenta ya wadatar masa, ƙaramar karkata ba ta ɓata salla, amma mai aza harsashin sabon masallaci ya kamata ya daidaita. Ga hanya mai sauƙi wadda ba ta bukatar na'ura. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan lokaci a kafa sanda a miƙe a fili mai baje. Wanda ya tsaya a ƙarshen inuwarta ya fuskanci sandar, ya fuskanci alƙibla.

Husufi kuma, na rana yana faruwa ne idan wata ya shiga tsakaninmu da ita, saboda haka ba ya aukuwa sai a ƙarshen wata. Na wata yana faruwa ne idan inuwar duniya ta faɗa kansa, ba ya aukuwa sai a tsakiyar wata. Manya ba su manta da ranar 29 ga Maris 2006 ba, ƙarshen Safar 1427, sa'ad da rana ta rufe da hantsi a sassan Gusau da Katsina da Maraɗi, kamar yadda masu lissafi suka faɗa tun da shekaru. Irin wannan rana hujja ce da ido ke gani ta lokacin haihuwar wata: duk wanda ya ce ya ga jinjiri a magaribar da ta gabace ta, ya yi kuskure. An kuma lissafa wani husufin rana a ranar 2 ga Agusta 2027, wanda zai rufe ta ruf a Makka, mu kuma a nan sashenta ne zai kamu.

Sanin dalilin husufi bai rage masa matsayinsa na aya ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu, rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, sai Annabi ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba su kamuwa don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umurce su da salla da addu'a da sadaka. Sallar husufin rana raka'a biyu ce cikin jam'i, kowace raka'a da ruku'u biyu. Ta wata kuwa, a mazhabarmu, kowa yakan yi ta shi kaɗai, raka'a bibbiyu kamar nafila. Buga gwangwani da kururuwa ba su cikin sunna. Jahiltar wannan ya taɓa jawo ɓarna, kamar tarzomar da ta tashi a Maiduguri a watan Janairu 2001 bayan husufin wata, aka ƙone dukiyoyin mutane.

Nasiha ga mai son farawa

Wanda Allah Ya sa masa wannan sha'awa, to, ya gode, domin ƙauyukanmu da ba su da yawan fitilu suna da sama mai duhu wadda mazauna manyan birane ke marmari. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da kaka kafin hazo ya sauko, ko daren da ruwa ya wanke sama, a kwanakin da babu farin wata. Ya fara da idonsa. Ya nemo tauraron arewa, wanda ba ya barin wurinsa, zai same shi a sama da ƙasa da misalin digiri 13, watau dunƙulen hannu guda da ɗan ɗori in ya miƙe hannunsa. Ya nemo Shi'ira, wanda aka ambata a Suratun Najmi, shi ne mafi haske a cikin tabbatattun taurarin dare. Da ɗan madubi mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 10x50, in ya jingina shi ga katanga, zai ga ramukan da ke fuskar wata, ya kuma hango 'yan watannin da ke kewaya Mushtari. Mai ɗaukar hoto da waya kuwa ya ɗora ta a kan abin da ba ya motsi, ko da turmi ne, ya kashe fitilarta, ya bar ta ta tara haske na daƙiƙa 10 zuwa 20.

Sharuɗɗa huɗu ne za mu gindaya masa. Na ɗaya, kada ya kuskura ya dubi rana da madubi, ko da lokacin husufi ne, domin makanta ce nan take, mai neman jinjiri ya jira sai ta faɗi sarai. Mai son ganin husufin rana ya huda ɗan rami a kwali, ya dubi surarta a kan farar takarda, dabarar da Ibnu Haisam ya yi bayaninta tun kusan shekara dubu da suka wuce. Na biyu, madubin nan na sama ne, wanda ya karkata shi zuwa tsakar gidan maƙwabci ya ci amana, ya aikata haramun. Na uku, zamani ne na rashin tsaro, kada ya shiga daji da dare, ya tafi da abokai, ya sanar da mai unguwa abin da yake yi. Na huɗu, hirar taurari da ta sa aka makara sallar Asuba ta zama hasara.

Irin wannan hukunci ne ya hau kan sauran sha'awoyi na kimiyya. Yaron da ya kafa sanda yana auna inuwa kullum zai gane zawali da idonsa, watau lokacin da inuwa ta gama raguwa ta fara ƙaruwa, zai gane shigar La'asar, zai kuma lura cewa a ƙasarmu wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta inuwar takan kusa ɓacewa da tsakar rana. Wanda ya ajiye gwangwani mai miƙaƙƙen jiki yana auna ruwan kowace damina yana rubutawa, bayan shekara goma manoman garinsu za su neme shi. Mai kwance rediyo yana ɗaurawa, da mai haɗa fitila da hasken rana, kada a kira su 'yan jagwalgwalo, a tuna da kyandir ɗin Ƙarafi.

Muna kira ga limamanmu da malaman Islamiyya da su jawo irin waɗannan samari a jika. Zai kyautu kowace gunduma ta sami jama'a da za su riƙa fita duban wata a ranar 29 ta kowane wata, duk wata goma sha biyun, dattijo mai kaifin ido da saurayi mai madubi kafaɗa da kafaɗa, suna rubuta abin da suka gani da abin da ba su gani ba. Wanda ya saba ganin jinjirin Safar da na Rajab, ba a ruɗa shi da gajimare a daren Shawwal. Manyan makarantun da ke cikin Daura, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri, suna da malaman lissafi da za su iya taimakawa, mawadata kuma sayen madubi ga irin wannan jama'a sadaka ce mai gudana.

Allah Ya sanar da mu abin da zai amfane mu, Ya amfane mu da abin da Ya sanar da mu, Ya tsare harsunanmu daga shaidar da ba mu tabbatar ba, Ya haɗa kan Musulmi a kan gaskiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Shi ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.